Shekarar da Kuɗin Wuri Sunka Mutu a Jega

Wahala ce kawai, babu wani daɗi cikinta da zan tuna. Masu cewa zamanin da ya fi albarka ba su ci hanza ba. Ni na ci, har yau in na tuna ɗacinta sai miyau ya tsinke mini a baki.

Abin da ya tayar mini da zancen, bana ma ga bazara ta yi tsawo. Hadari na haɗuwa gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta ƙugi, sai iska ta zo ta watsa shi. Ga kuma ɗana Garba ya ishe ni da maganar shina so ya fita gandu ya kama nasa. Shekaranjiya ya tsuguna gabana ya ce, "Baba, mi ka tanadar mini?" Na dubi sama, sai waccan bazarar ta dawo mini gaba ɗaya.

Lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba. Muna zaune gefen Mungadi, mu huɗu cikin gida: Baba, Inna, ni, da ƙanwata Kulu. Gemu ya fara fito mini. Ban taɓa ganin Nasara da idona ba, sai dai labarinsa da harajinsa.

Gidanmu akwai wata al'ada tun kakanni. In an haifi ɗa namiji, uba na binne tulu cikin ɗakinsa, bakin tulun daidai da ƙasa, a rufe da kasko. Kowace kaka sai ya zuba kuɗin wuri ciki. Ba a taɓa shi don biki, ba a taɓa shi don ciwo. Sai ranar da ɗan zai fita gandu a tone, a saya masa ɗan maraƙi da kalme na noma da iri, a yi masa aure, a ce to ga ka ga duniya. Haka anka yi wa Baba, haka shi ma ya yi mini.

Kuma ba kyauta yake zuba mini ba. Da safe har azahar muna gonar gandu. Da la'asar in tahi gayaunata, 'yar gonar da ya yanka mini bayan tsamiya. In na girbe, sai ya sa ni in zube dammunan gabansa. Ya ce in fara fitar da iri, in ɗaure shi dabam. Sannan abin Allah. Sannan rabon tulu, wanda za a sayar a mai da shi wuri. Abin da ya rage shi ne nawa, in sayi riga ko in ci ƙosai, bai dame shi ba. Shi ma ya ƙara daga nasa. Ni da hannuna nake zuba wurin, shina tsaye shina kallo. Tulu ɗaya ya cika anka binne na biyu. Ya riga ya gaya mini, kaka mai zuwa za a tone.

Kakar ba ta zo ba.

Ruwan fari ya sauka da kyau, munka fita da sungumi, Baba na sara, ni da Inna da Kulu muna bi muna zuba iri muna takewa. Gero ya tsiro kamar gashin jariri. Sai sama ta ɗauke. Munka zuba ido har ya ƙone. Anka sake ɗan yayyafi, munka sake shuka, ya sake ƙonewa. Shuka ta uku da irin gayaunata anka yi ta. Wannan ya tashi har ƙugu, ya fitar da kai, sannan ya tsaya. In ka murza zangarniya a tafin hannu, ka hura, babu abin da ke saura. Anka fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, har da awaki. Munka dawo da ƙafafu sun ƙone da rairayi.

Abin da munka girbe bai rufe gindin ruhewa ba, rumbun ƙasar da ke tsakar gidanmu. In Inna ta shiga ɗebo hatsi, muryarta na amsawa ciki kamar rijiya.

Anka koma ci sau ɗaya. Daga tuwo anka koma kunu, daga kunu anka koma dusa da ganyen tafasa. Da rani ya yi nisa mata sunka shiga daji neman hanza, 'ya'yan wani itace mai ɗaci. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, in ba haka ba ta kashe mutum, kuma duk da haka ɗacin ba ya fita. Ni aikina tonon gidan tururuwa. In bi layinsu har rami, in yi ta haƙa cikin rana, su yi ta cizona, in samo ɗan hatsin da sunka tara, rabi ƙasa rabi tsaba. Inna ta sheƙe, ta dafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba yunwar ba ce, shirun ne. Gari ya waye ba ka jin sautin daka ko gida ɗaya. Fulanin da ke kawo mana nono sunka daina zuwa, shanunsu na faɗuwa bakin rijiya, ungulu na jira bisa itace. Mutane na wucewa daga arewa, da tabarmi a kai, da yara a baya, ba su ko sallama. Yaran ba su kuka.

Cikin wannan hali jakada ya zo da dogarai karɓar haraji. Ya ce ba a son hatsi, ba a son wuri, sai kuɗin Nasara, na ƙarfe. Wani dillali na biye da su da jakar sulalla, shina sayen dabbobi yadda ya ga dama. Baba ya ba shi awakinmu duka. Ya so jakinmu, Baba ya hana. Sulallan ba su ko ɗumama a hannun Baba ba, daga hannun dillali sai hannun jakada.

Da sunka tahi na ce, "Baba, an ce fa ko Jega yanzu wanga ƙarfe aka so."

Ya ce, "Baƙi ne. Yadda sunka zo haka za su tahi da kuɗinsu. Wuri tun kakan kakanka shi ne kuɗi."

Ba wauta ce ta sa ya faɗi haka ba. Cikin ƙauyenmu har lokacin da wuri ake sayen gishiri da daddawa. Shi kuma ya yi shekaru bai taka Jega ba. Yanzu Garba na nuna mini kuɗin takarda shina murna, wai sun fi sauƙin ɗauka. Nakan karɓa in juya, in miƙa masa abinsa.

Bazara ta shigo. Zafi irin wanda ko inuwa ba ta da amfani. Ƙafafun Kulu sunka fara kumbura, in ka danna da yatsa ramin ba ya cikowa. Wata rana da hantsi Inna ta tsaya bakin ɗakin Baba.

"Malam, a tone tulun ga."

"Ba nawa ne ba."

"To na wa?"

"Na yaro ne."

Ina zaune nan kusa ina gyaran igiya. Na ce, "Baba, na yahe. A tone."

Bai ko dube ni ba. "Kai ma ba naka ne ba tukuna. Sai ranar da ka fita."

Inna ta ce, "In ta mutu, da wurin za ka yi mata likkafani?"

Ya tashi ya fita. Na gan shi bayan gida shina zare tsohuwar ciyawar jinkar ɗaki shina ba jaki. Haka yake ciyar da shi tun da harawa ta ƙare. Rabin jinkar ɗakin Baba cikin jakin nan ta tahi.

Bai sake zancen tulun ba sai ranar da Kulu ta faɗi da tulun ruwa tsakanin rijiya da gida, anka kawo ta a hannu. Ya tsaya kanta ya daɗe. Sannan ya ce mini, "Ɗauko kalme. Jibi kasuwar Jega."

Munka tone. Munka juye wurin cikin keso, buhun tabarmar da ake zuba shi, har biyu, kowane da ƙyar nake ɗagawa. Ƙarar zubarsa ta cika gidan. Inna har da dariya, abin da na manta tana yi. Baba ya ce rabi za a sayo dawa, rabi a dawo da shi a sake binnewa, ba zai bari in fita hannu wofi ba.

Munka kama hanya, jaki na gaba da kaya, muna biye. Tafiyar yini ce ga mai ƙarfi, mu kuwa babu mai ƙarfi cikinmu. Munka wuce Maiyama, gidaje da yawa an ja musu ƙaya a ƙofa, masu su sun tashi. Gefen hanya akwai mutane kwance ƙarƙashin itace, ba mu tsaya duba ko barci suke ba. Gulbin da ke gaban Jega, wanda Baba ya ce da jirgi ake ƙetare shi, a gwiwa ya tsaya mini.

Kasuwar ta cika, amma ba da kaya ba. Masu hatsi kaɗan ne, kowa da ƙarti biyu riƙe da sanduna bayansa. Baba ya zaɓi wani mai dawa, ya yi sallama, ya sa na sauke keso ɗaya na kwance bakinsa.

Mutumin ya leƙa. Ya dubi Baba. Ya kira na kusa da shi, "Kai, zo ka ga abin mamaki." Sannan ya ce, "Tsoho, daga wane kabari ka taso?"

Baba ya ce, "Auna mini dawa."

"Da mi?"

"Ga kuɗi gabanka."

"Wanga? Kai wa mata su yi wa ƙwarya ado. Ni da sule na sayo dawar ga, da sule zan biya haraji."

Baba ya ce, "Da wanga kuɗi na auri uwar yaron ga."

"To koma ka auro wata da shi."

Anka yi dariya. Munka ɗaure keso munka matsa gaba. Mai hatsi na biyu bai ko bari mun kwance ba. Na uku ya ji tausayi, ya nuna mana wata rumfa can ƙarshen kasuwa, ya ce akwai mai musaya, shina sayen wuri ya kai ƙasashen da har yanzu ake karɓa.

Mai musayar bai ƙirga ba. Bayansa wuri ne tsibi guda kamar tsakuwa, yara na wasa kai. Ya shuri keson da ƙafa, ya ɗan ɗaga ya ji nauyi, ya ce ɗaya ba zai yi mana komai ba, mu kawo biyun. Baba ya ɗaga mini kai. Na sauke na biyu. Mutumin ya buɗe wata 'yar jaka ya zuba wa Baba ƙarfe a tafin hannu. Ƙarfen bai ko rufe tafin ba.

Baba ya ce, "Saura fa?"

"Saura mi? Kaka mai zuwa ko wanga ba ka samu."

Dawar da kuɗin sunka saya, tsoho na iya ɗaukar ta a kai. Tun ina goye ake tara abin nan.

Munka koma inuwar wani durumi. Baba ya zauna, ya aje dawar tsakanin ƙafafunsa, ya dafe ta da hannu biyu. Leɓunansa sun yi fari. Can sai ga wani dillali ya zagaya jakinmu, ya buɗe masa baki, ya ɗaga ƙafa, ya faɗi kuɗi. Kuɗin sun fi na wurin nan nesa. Da za su sayi dawar da za ta riƙe gida har a ga ruwa, in ruwan zai zo.

Na ce, "Baba, sallama masa."

Ya ce wa dillali, "Albarka."

Dillali ya ƙara. Baba ya sake cewa albarka. Mutumin ya yi tsaki ya wuce.

Na ce, "Baba, Kulu fa?"

"Na san da Kulu. In na sai da shi mu ci, ya ƙare, sannan mu zauna mu huɗu muna kallon juna. Ba jaki, ba iri, ba tulu. In ka tahi da shi, baki ɗaya ya ragu bisa dawar ga, kai kuma kana da abin yi. Na ce ba za ka fita hannu wofi ba. Tashi."

Sai lokacin na gane yau ce ranar fitata.

Ya ja ni zango, inda fatake ke sauka. Ya yi ta tambaya har ya sami wani Ɗan Tani, mutumen Aliero, wanda sunka yi kokawa tare suna samari. Ɗan Tani na ɗaukar gabu, busasshen ganyen albasa, da kanwa, ya kai kudu inda ruwa bai yanke ba, ya dawo da abin da ya samu. Mai jakin kansa a ayari ana ba shi lada har da ɗan gurbin da zai sa kayansa. Wanda ba shi da jaki ɗan dako ne, sai abin da anka rage.

Ɗan Tani ya dubi Baba ya ce, "Gado, kai ne ka koma haka? Da yanzu na ka da ka."

"Ko yanzu ba ka iyawa. Ga yaro, ga jaki."

Ya zagaya jakin. "Wanne daga cikinsu ya fi ƙashi? Mi kake ba dabbar ga?"

"Ɗakina."

Ɗan Tani ya daina dariya. Ya ce gobe da sassafe za su tashi zuwa Aliero su yi lodi, daga can sai kudu. Dawowa sai bayan kaka, in Allah ya yarda.

Baba ya ce, "Kada ka biya shi da wuri."

"Haba Gado, ni mahaukaci ne?"

Baba ya ja ni gefe. Bai yi doguwar magana ba, numfashinsa ba ya kaiwa. Ya ce in ba jaki ruwa kafin in sha, in ba shi ci kafin in ci. Duk abin da na samu in raba shi yadda nake raba dammunan gayauna, kada in ci sai na fitar da iri. Kada in karɓi bashi a hanya, ko na goro ne.

Sannan ya ce, "Kuɗin Nasara ka karɓa, tunda su aka so. Amma kada ka binne su. In sun taru ka mai da su abu mai rai, ko abin da aka ci. Wanda ya kashe wuri, ran da ya ga dama sai ya kashe sule. Ni ban san haka ba."

Na ce, "Bari in raka ka gida in dawo."

"Ayari ba ya jiran ka."

"In yi ban kwana da Inna."

"Ni zan gaya mata."

Ya naɗe rawaninsa ya yi gammo. Na ɗora masa dawar. Wuyansa ya yi rawa, ya gyara tsayuwa. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba tun da anka haife ni, ranar ma bai kira ba. Cewa ya yi, "To, kai. Allah shi kiyaye."

Na bi shi har bakin gulbi. La'asar ta yi, hadari ya taso gabas kamar kullum, ƙasa ta yi wani irin ja. Ya shiga ruwan shina dogara sanda. Can ƙetare akwai mutane zaune bakin gaɓa, irin waɗanda munka wuce da safe. Na ga kawunansu na juyawa suna bin kayan da ke kansa. Bai waiwayo ba. Na tsaya har ya shige cikin sabara. Iska ta zo ta watsa hadarin.

Da na koma zango Ɗan Tani ya tura mini ƙwaryar tuwo, tuwo na gaske, da miya. Ya ce, "Yaro, ni ba ni ɗaure kowa. In zuciyarka na can, ja jakinka ka bi shi, kafin ya kai Maiyama ka cim masa. Dillalin da ya taya jakin ma har yanzu shina kasuwa." Tuwon kuwa na cinye shi tas, har na suɗe ƙwaryar.

Sai bayan kaka na sake ganin Mungadi, da dawa bisa jaki da tunkiya biyu a igiya. Inna da Kulu na nan da rai. Baba ya kai dawar gida, ba wanda ya taɓa shi a hanya. Ya ware iri daga cikinta duk da kukan Inna, ya shuka da ruwan fari. Bai ga girbin ba. Amma wannan duk daga baya na ji. A daren nan na Jega ban san ko ya ƙetare dajin ba.

Da gari ya waye na kai jaki rijiyar zango, ya sha, sannan na sha. Na ɗaura masa akumari. Ayari ya fara fita, Ɗan Tani na gaba. Bakin zangon hanya ta rabu, ɗaya ta gangara gulbi, ɗaya ta yi gabas wajen Aliero. Jakin ya san gida, ya juya kai ya nufi gulbi. Na ja igiya, ya ƙi. Na sake ja, ya kafe ƙafafu. Sai na tsinko reshen sabara na yi ta dukansa a wuya har ya juya gabas, na bi bayansa.